Wandon Saja Wattie

"Ta baya na ce miki, Jinty! Ke kurma ce?"

Almakashi na hannuna, wandon na shimfiɗe a teburin kicin ɗinsa, shi kuwa Wattie Laidlaw na zaune da bargo a gwiwa yana daka mini tsawa kamar ina cikin kuratan da ya horar shekaru arba'in da suka wuce.

"Saja, bayan nan fa ya kusa ƙarewa," na ce. "Daga ƙugu zuwa gwiwa ba abin da ya rage sai ɗinki. Bari in ɗan ciro ta gaba, can ƙasa wajen idon sawu. Wa zai lura?"

"Ni zan lura. Gaban nawa ne, da shi za a binne ni. Wanda ya kwanta rigingine ba a ganin bayansa. Sauka sharaɓa, akwai sauran wuri."

Na sauka sharaɓa. Na bi farin layin nan da almakashi a hankali, na ciro ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, faɗin yatsa biyu. Shi ne na talatin da tara.

Bango ɗaya ya raba gidana da nasa a Layin Masaƙa, shekara arba'in da shida. Ni ban yi wani karatu ba, ina da sha biyar na shiga masaƙar ulu, aikina tsintar kuskuren inji da allura, har ranar da aka sa wa ƙofarta kwaɗo. A garin nan Rediyo suke kirana. Ban musa ba. Mutum ya shekara talatin yana duban inda zare ya kauce, ai idonsa ba zai daina ba don kawai an rufe masaƙa.

Rundunar su Wattie tamu ce, ta 'yan bakin iyakar kudancin ƙasar. Kakansa a cikinta ya yi, ubansa a cikinta ya mutu. Kayan faretinsu wando ne na ulu mai ratsin kore da shuɗi, da siririn farin layi yana gittawa. Kilt, siket ɗin nan mai ninki-ninki, na mutanen arewa ne, na kan duwatsu. Wattie bai taɓa kiransa da sunansa ba, zanin 'yan tudu yake cewa. Sai gwamnati ta ce kuɗi ya yi kaɗan, ta tattara rundunonin ƙasar ta zuba su a tukunya ɗaya, suna ɗaya, tufa ɗaya, kuma kilt aka zaɓa. Wattie ya bi gida-gida da takardar ƙorafi, ya cika motar haya da tsofaffi zuwa Edinburgh, babban birninmu, suka tsaya cikin ruwan sama wuni guda. Abin da ya dawo da shi tari ne, wanda bai sake rabuwa da shi ba.

Daga baya aka ɗan lallashe su. Aka ce samarin yankinmu na iya maƙala ɗan ƙyallen tsohon ratsi a bayan bajon hula, amma ko kwabo ba za a fitar don wannan ba, masu so su nema. Ƙungiyar tsofaffin sojoji a lokacin mutum sha ɗaya suka rage, biyu a keken guragu. Suka sayar da shayi da kek a zauren coci har mata suka gaji da gashin kek. Masaƙar da ta san ratsin ta rufe, wata kuma ta ce ba za ta ɗaura zare don ƙasa da mita sittin ba. Abin da suka tara ko kusa bai kai ba. Rannan sai Wattie ya tashi a taro ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ya tsinci tsohon bandir a wani sito.

Babu wani bandir. Wandonsa ne.

Ranar farko da ya kira ni, sai da ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na yi rantsuwa biyu.

"Ta ɗaya, ba za ki faɗa wa kowa ba. Musamman Bunty."

Bunty ƙawata ce, mun shekara hamsin muna musayar labari kamar yadda ake musayar sukari.

"Haba Saja, ko da ɗan kaɗan?"

"Ko tari kika yi a kan maganar nan sai na ji ta bango. So kike yaran nan su san mazaunan tsoho suke ɗauke da su a ka? 'Yan tudu za su yi musu dariya daga nan har Inverness."

"To, ta biyu fa?"

"Da shi za a sa ni a akwati. Ban yarda a kai ni gaban Mai Sama da zani ba."

Shekara biyu ina riƙe da wannan labari. Ba ku san wahalar ba. Wata rana Bunty ta zauna a kicin ɗina tana ba ni labarin wata da ta rina gashi, ni kuwa ina da abin da zai sa ta shaƙe da biskit, sai na cusa nawa a baki na yi shiru.

Lokacin sanyin ƙarshe, Wattie ya daina fita sayen jarida. Kullum da rana ina kai masa romon sha'ir da karas, ya sha cokali huɗu ya ture. Duk wata wani kofur yakan rubuto daga bariki, ya ce an sami sabbi biyu ko uku daga garuruwanmu, in yanka, in kalmashe bakin, Wattie ya lashe ambulan. Har lashe ambulan ɗin ya fara sa shi haki.

"Na gaji, Jinty," ya ce mini wata Lahadi. Yana kallon taga, ruwa na zuba a kan rufin tsohuwar masaƙa. "Mu huɗu muka rage a ƙungiya. Ranar Juma'a na je taro, ni kaɗai ne da mai shara."

"Ka kira Rhona mana."

"Tana da aikinta."

Rhona ita ce 'yarsa tilo. Tana da sha bakwai ta tafi Landan, takan zo Kirsimeti, ba kowace ba.

"Yaran ma ban sani ba ko sun damu," ya ce. "Wataƙila kofur ne ke tilasta musu. Wataƙila suna jin daɗin zanin, iska na shiga."

"To mu daina mana. Ka tsira da sharaɓa ɗaya."

Ya harare ni. "Rediyo, ɗauko almakashi."

Ranar Talata da safe, ƙarfe takwas ta wuce labulensa na rufe. Mutumin da tun da na san shi bakwai daidai yake zuge shi, har agogona nake gyarawa da shi. Na jira takwas da rabi don kada ya ce na cika sa ido, sannan na ɗauki makullin da ya ba ni. Yana kan kujerarsa, bargo a gwiwa, tabarau a hannu, shayin jiya ya yi fata a kofi. Na taɓa goshinsa, ya yi sanyi ƙalau, rai ya yi halinsa. Na ce, "Haba Saja, ko sallama." Na zauna kusa da shi na ɗan jima kafin in ɗaga waya.

Rhona ta iso washegari da ƙaramar jaka da fuskar wadda ba ta yi barci ba. Ta rungume ni a ƙofa, ta ce, "Anti Jinty, na gode," ta shige ta rufe. Na yi niyyar yi mata maganar wandon, amma na ce bari ta huta tukuna. Ta bango ina jin ta tana jan aljihun tebur, tana buɗe ledojin shara.

Ranar Alhamis da hantsi na leƙa ta tagar sama, kamar yadda na saba. Kwandon sharar Wattie na bakin titi, murfin bai rufu ba, ƙafar wando ɗaya mai kore da shuɗi na reto a gefe. Motar shara kuwa ranar Alhamis take zuwa, sha ɗaya.

Ban san na iya sauka matakala da sauri haka ba. Da silifas na fita, ko mayafi babu. Na tura murfin da sandata, na zura hannu har kafaɗa. Ganyen shayi, ɓawon ƙwai, gwangwanin wake. Ina cikin ja sai na ji an buɗe ƙofa.

"Anti Jinty! Me kike nema a sharar mutane?"

Labule uku suka motsa a layin. Na san na Bunty a ciki.

"Kayan ubanki nake nema," na ce. "Shiga ciki, 'yar nan, kafin garin ya fito kallo."

A kicin ta nuna mini abin da ke rataye a bayan ƙofa, cikin leda mai sheƙi. Kilt ne sabo fil, fararen zaren da ake riƙe ninki da su ma ba a cire ba.

"A Edinburgh na tsaya na saya," ta ce. "Na gaya wa mai shagon tsohon soja ne, ya ce wannan suke sawa yanzu, dukkansu. Ba na so a ce na binne Baba da tsumma."

"Idan kika sa masa wannan, sai ya tashi ya fita daga coci da ƙafarsa."

"Anti, don Allah. Rundunar nan ta mutu tun yaushe. Kowa ya haƙura sai shi." Ta karɓi wandon daga hannuna, ta juya bayansa, ta ɗaga shi sama. Hasken taga ya shigo ta ramukan. "Dubi nan. Dubi abin da yake yi shi kaɗai a gidan nan. Wandon da ko taɓawa ba ya bari in yi ina yarinya. Ya zauna yana yanka shi gunduwa-gunduwa." Ta sauke wandon. "Kansa ya taɓu, ni ina can ina kiransa ran Lahadi minti biyar, ina cewa lafiyarsa lau. Ke da kike ganin komai a layin nan, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta zauna a kujerarsa, ta rufe fuska da wandon, da ganyen shayin da duka.

Na tsaya ina tunani. Rantsuwa biyu ya sa ni, ga shi ɗaya ba za ta tsaya ba sai na kayar da ɗayar. Na dubi bangon da ya ce zai ji tarina ta cikinsa. A zuciyata na ce, Saja, shekara biyu na riƙe maka, ko fasto ba zai yi haka ba.

"Share idonki ki dubi ramukan nan da kyau," na ce. "Wanda kansa ya taɓu yana bin farin layi? Kowanne faɗin yatsa biyu, ba wanda ya fi wani. Wannan hannuna ne. Ni na yanka, shi yana zaune nan yana zagina."

Na ɗauko gwangwanin biskit daga saman kabad, inda yake ajiye wasiƙun kofur, na zube mata a cinya. Na ba ta labarin tun daga shayin coci har bandir ɗin ƙarya. Wallahi ko a wannan hali sai da na ji daɗin fitarsa daga bakina, kamar an cire mini ƙaya.

Ta karanta wasiƙa uku. A cikin ɗaya akwai hoton samari a jere, kowa da ɗan kore a hula.

"Nawa ne duka?"

"Arba'in da uku."

"Kina nufin sojoji arba'in da uku na yawo da..." Ta dubi inda mazaunan wandon suke a da.

"Har gaban manya suka yi fareti da su."

Dariya ta kufce mata, irin mai fitowa ta hanci, ta yi ta yi har ta koma kuka. Na bar ta. Na ɗora buta a wuta.

"Ranar da na gama makaranta bai zo ba," ta ce da ta lafa. "Yana taron ƙungiya. Ranar da aka yi wa Mama aiki, yana Edinburgh da takardarsa. Amma 'ya'yan wasu, ya yanka musu wandonsa."

"Haka yake. Ban ce miki mutum ne mai daɗin zama ba. Uwarki ta sha gaya mini ta kan katanga, da ita rundunar ce da ta ga gata. Amma hankalinsa ɗaya har ya tafi, wannan kam ki sauke daga kanki."

Can ta miƙa hannu kan firji ta ɗauko wata ambulan.

"Wannan jiya ta zo. Ban gane ta ba sai yanzu."

Kofur ne. Bai ji rasuwar ba tukuna lokacin da ya rubuto. Sabbi huɗu, in ji shi, biyu ma daga garin nan, ɗaya jikan mai gyaran takalmi. Ko Saja zai taimaka kamar kullum.

"Akwai sauran wuri?" in ji Rhona.

Na duba. Baya ya ƙare ƙaf, sai ƙugu da ɗinkin gefe. "Sai dai kalmasar ƙafa ta gaba, wadda aka naɗe ciki. In aka warware za a sami huɗu, ba mai gani. Amma ya hana ni taɓa gaba."

"Ni ban yi masa rantsuwa ba. Ba ni almakashin."

Na ɗora yatsana a kan farin layi, ta bi. Hannunta bai saba da almakashi ba, irin na masu aikin ofis, na ukun ya ɗan karkace.

Da rana na wanke wandon da ruwa mai ɗumi-ɗumi, na shanya shi a kicin ɗina don kada Bunty ta gani a igiya. Na sake kalmashe ƙafafun, na ɗinka masa igiyoyin ɗaurewa shida a baya, na goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle har karin gugar ya tsaya kamar wuƙa. Ta gaba ka rantse yanzu ya fito daga hannun tela.

Mista Purves, mai shirya gawa, ya ɗaga shi ya juya, ya dube mu ta saman tabarau.

"Wannan ai rabin wando ne, Misis Oliver," ya ce da ni.

"Rabin da ake gani ne. Ka iya ko in shigo in yi da kaina?"

"Ni ma ta baya nake tsage rigunan mutane in sa musu," ya ce. "Kin rage mini aiki. Me ya ci bayan, asu?"

"Asu," in ji Rhona, kafin in buɗe baki.

Da muka shiga ganinsa, yana kwance ƙafafu a miƙe, karin guga na tafiya daga ƙugu har takalmi, lambobinsa a ƙirji. Rhona ta gyara masa abin wuya. Ni kuwa na duba idon sawun. Ya ɗan ɗage da kamar rabin yatsa, safarsa ta leƙo. Na ja shi ƙasa, ya koma. Na ce a hankali, "Ka lura ɗin, na sani. Da 'yarka za ka yi."

Ranar Litinin aka binne shi, ana yayyafi. Tsofaffi uku na ƙungiya suka zo, ɗaya a keke. Bariki suka aiko kofur da samari shida su ɗauki akwati, dukansu sanye da kilt, gwiwoyinsu sun yi jawur don sanyi. Wani ya busa algaitar salka a bakin ƙofar maƙabarta, iska na kwashe rabin sautin.

Da suka sunkuya za su ɗaga, sai hulunansu suka zo daidai idona. Na gane kalmasata a kowanne. Wanda ya yi aikin allura ya san ɗinkinsa, kuma ya san inda yadi ya sha zama ya yi sheƙi.

Rhona ta matso kunnena. "Na gaba, dogon nan. Daga ina?"

"Mazaunin hagu."

Ta danne baki da hankici, kafaɗunta na girgiza. Fasto ya dube ta da tausayi. Bunty ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Mene ne? Me kika ce mata?"

"Haƙuri nake ba ta."

Bayan an watse, kofur ya zo ya gaishe mu, hula a hannu. Ya ce yaran sun so Saja ko da yake yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba. Ya ce sabon da bai sami ƙyallensa ba, sauran ba sa barinsa ya zauna a teburinsu sai ya samu. Sannan ya yi ƙasa da murya ya tambaya ko bandir ɗin nan da saura.

"Huɗu suka rage," in ji Rhona. "Daga su ya ƙare."

Ya gyaɗa kai, ya juya hular a hannunsa, ya tafi wajen motarsu.

Rhona ta koma Landan ranar Laraba, da kilt ɗin a ledarsa, ta ce za ta gwada ko mai shagon zai karɓa. Ta bar mini makulli da gwangwanin biskit. Da yamma na zauna bakin taga inda haske ya fi, na zura zare sau uku kafin ya shiga. Na kalmashe guda huɗun ɗaya bayan ɗaya. Karkataccen nan na bar shi yadda ta yanka. Na jera su a kan dakalin taga, kusa da ambulan, ina jira ruwa ya tsagaita in kai gidan waya. Labulen Wattie na nan a rufe.